Shafin da Ban Juya Ba

Bari in fara da abin da kuke jira, don kowa ya huta: a wannan labari ni ne wawan. Na faɗa da bakina, na kuma rubuta da hannuna, saboda haka duk wanda ya sake tuna mini a gidan suna ko wurin ɗaurin aure, bai zo da sabon abu ba. Amma wauta ma iri-iri ce. Akwai ta wanda bai san komai ba, akwai ta wanda ya san abu guda ƙwarai har ya ɗauka iyakar duniya ke nan. Tawa ta biyun ce, kuma ba na son a haɗa ni layi ɗaya da 'yan ta farko. Na ji yadda kuke ba jikokina labarin, kowa da gishirin da yake ƙarawa. To ga yadda aka yi, daga bakin mai shi.

Kun san gidanmu na Ƙofar Atiku gidan fawa ne tun kakanni. Cikin mu tara ni kaɗai aka kai makarantar boko, nan ma ina aji huɗu mahaifina ya dube ni ya ce ya ga alamar na ƙoshi, ya miƙo mini wuƙa. Sai dai bokon bai tafi a banza ba. A sana'armu ana kawo takardun naɗe nama a buhu: tsofaffin jaridu, takardun jarrabawar yara, fayilolin ofis da aka gaji da su. Kuma ba a naɗe nama da takardar da ke ɗauke da aya ko sunan Allah. Ta ajami kowa yana gane ta daga nesa, amma wadda aka rubuta da boko sai mai boko. Don haka aikina ne in zauna gaban buhu in duba kowace takarda, gaba da baya, in ware wadda ba ta halatta ba. Shekara hamsin ina wannan. Babu abin da bai ratsa ta hannuna ba. Na san yadda aka fara yaƙoƙi da dama, ban san wanda ya ci ba. Na san wata yarinya da ta samu sifiri a lissafi a wata makaranta, har yau ina yi mata addu'a. Mahauta suka sa mini suna Ummaru Boko. Ni ke karanta musu sammaci, ni ke karanta katin asibiti, in gardama ta tashi a majalisa a kan wani abu na duniya, ni ake juyowa a kalla. Ban tara shanu ba, ban gina bene ba. Wannan suna shi ne abin da na tara. Abin da babu wanda ya sani, ni ma ban taɓa zama na lura ba, shi ne ban taɓa karanta wani abu da ya wuce shafi biyu a jere ba.

Shekarar da gwiwa ta hana ni tsayuwa gaban wuta, na bar wa yayyenku teburin balangu, sai na fara kai hantsi a gidana na Tudun Wada kafin in tafi majalisar mahauta, inda nake wuni har magariba kamar yadda na saba. A nan na gano an ci gidana da yaƙi ban sani ba. Uwarku, Hajiya Inno, wadda ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba, ta sa waya cikin kwanon silba don ƙara ta fito, wata mata tana karanto mata littafi. Ba zan faɗi sunan littafin ba, ya sha talla ya ƙoshi. A shekarar duk wayar da ka leƙa shi ne. 'Yan mata suna rungume shi a ƙirji suna hawaye ana ɗauka, samari suna cewa wanda bai karanta shi ba bai zo duniya ba. Labarin wata mata ne da mijinta mahauci ya rasu, ta ƙi rabuwa da kayan sana'arsa, ta ce ita za ta ci gaba da yin kilishi.

"Hajiya, mi ka ƙauri haka?"

"Dakata, Alhaji, yanzu za a hwaɗa mata ya cika."

"Wa yac cika?"

"Mijinta mana."

"To miyar ma ta cika, Allah shi jiƙanta."

Sau biyu a mako guda aka yi haka. Sannan autarmu Nana, wadda ta gama jami'a tana jiran aiki, ta shigo da bugaggen littafin, mai kauri kamar bulo, ta yi masa riga da leda, tana ajiye shi a kan taga kamar wani baƙo mai daraja. Wata safiya ta shiga wanka, na ɗauko shi. Na buɗe tsakiya, domin ni ban saba da farko ba, takarda daga tsakiya take zo mini. Allah da ikonsa na faɗa kan wurin da matar take yin kilishinta na fari. Na bi da yatsa a hankali. Ta yanyana nama, daidai. Sai kawai ta ɗauke shi ɗanye sharaf ta tsoma cikin labu, wato kwaɓin ƙuli da kayan yaji, ta shanya. Na sake karantawa don kada in ɗauki alhakin kowa. Haka ne. Jama'a, ko jaririn gidan fawa ya san sai an shanya nama ya bushe ƙayau tukuna a tsoma shi a labu, a sake shanyawa, sannan a nuna wa wuta. Wanda ya tsoma ɗanye, tsutsa ya yi wa girki. A nan shafin ya ƙare, a nan ni ma na tsaya. Raina ya yi fari ƙal. Duk garin nan da masu digirinsa, ni kaɗai na kama ɓarawo.

Na aika aka kawo mini balangu mai zafi daga tebur, na sa babbar riga, na kira Nana.

"Ɗauko wayarki ki ɗauke ni. Yau za ni yi ma duniya karatu."

Na nuna mata wurin. Ta duba, ta dube ni.

"Baba, ai da ka juya..."

"Ni za ki koya ma karatu? Tun uwarki ba ta san ni ba nika juya takarda."

"Baba, don Allah, bayan shafin..."

"Nana," in ji uwarku daga bakin murhu, ko ɗago kai ba ta yi ba, "ɗauke shi, tunda shi yas so."

Ta ɗauka. Na yi bayani tiryan-tiryan yadda ake kilishi, na ce wadda ta rubuta wannan ko ƙofar mahauta ba ta taɓa bi ba, na ce masu kuka a kansa su yi wa kansu kuka. Daga nan na kama shafin na yage shi, kyat, na ɗaga shi sama, na naɗe balanguna a ciki, na ce ga iyakar amfaninsa, nan ma takardar santsi gare ta, ba ta shan mai. Nana ta kawar da kai lokacin da na yaga, amma mai wa'azi ba ya duban fuskar mutum ɗaya. Na ce ta sa a inda ake sawa. Ta sa, don ni na haife ta.

Mako uku na yi ina sarauta. Masu a-daidaita suna rage gudu su ɗaga mini hannu. Wani ɗan kanti ya ce hotona ya kai Kano, har Kanawa suna kwaikwayon maganata, abin da bai dame ni ba, tunda sun daɗe suna yi ba su iya ba. Na ce Nana ta karanto mini abin da mutane ke rubutawa a ƙasa, ta ce, "Dariya suke yi, Baba." Na ce ai dole, marubuciya ta sha kunya. Matasa suka fara kawo mini wasu littattafan da ake yayi, wai in duba musu. Ni kuwa in buɗe tsakiya, in karanta shafi guda, in jinjina nauyinsa a tafin hannu, in yanke hukunci, suna ɗauka suna ƙyaƙyatawa. Har ƙa'ida na kafa: mahauci yatsa guda yake dannawa a cinya ya san sa gaba ɗaya, ba sai ya cinye shi ba. Abu ɗaya ne ya ɗan tsaya mini. Nana ta daina zama kusa da ni. Daga bakin ƙofa take gaishe ni, da ladabi cikakke, irin ladabin da ya fi zagi ciwo. Littafin kuma ya bar kan taga.

Wadda ta sauke ni daga gadon sarautar ita ce Malama Rifkatu, maƙwabciyarmu da katanga ɗaya ta raba mu, mutuniyar Filato, tsohuwar malamar firamare da rabinku kuka bi ta hannunta. Ran wata Lahadi ta dawo daga coci, ko ɗankwali ba ta sauya ba, ta yi sallama ta shigo da nata kwafin a hannu. Ta gaisa da Hajiya, ta ja kujera ta zauna gabana kamar za ta duba mini aikin gida.

"Alhaji Ummaru, na ga wa'azinka."

"Ai ya zaga, Malama."

"Ya zaga. Ga shafin da ka karanta. Yanzu juya, ka karanta mini bayansa. Da ƙarfi, yadda zan ji."

Na juya. Na bi da yatsa. Kwana uku bayan shanyar, matar ta je ta ɗaga naman, wari ya buge ta, ƙudaje sun yi baƙi a kai. Wani tsohon mahauci yana tsaye yana dariya har da riƙe ciki, yana cewa wa ya koya miki tsoma ɗanyen nama a labu, ko jaririn gidan fawa ya fi ki. Kusan kalma da kalma abin da na faɗa. Marubuciyar da gangan ta sa ta yi kuskuren. Daga wannan asarar ne ma labarin ya miƙe.

"Kuma lokacin da ka ɗaga takardar sama," in ji Malama, "bayan ne yake kallon waya. Mutane tsayar da hoton suke yi suna karantawa daga hannunka. Sunan tsohon nan suke kiranka da shi."

Na juya wajen uwarku.

"Hajiya, kin san da wanga?"

"Tun ran da anka karanto muna shi."

"Shi na ba ki hwaɗa min ba?"

"Wadda taf fara hwaɗa maka, mi tas samu?"

Shekara hamsin ban taɓa sakin takarda ban duba bayanta ba, ko da ta lissafin yara ce. Rana ɗaya tak na saki, ita ce kuma aka ɗauka a hoto. Malama ta ce abin mai sauƙi ne: in ba Nana haƙuri, in sake fitowa in ce na janye, mutane su yi dariya kwana biyu su manta. Na ce Nana tawa ce, tsakanina da ita ne. Amma janyewa, a'a. Na yi kuskure a kan shafi, ban yi kuskure a kan littafi ba, domin ba a tabbatar ba tukuna.

Washegari na tafi majalisa da ƙarfin hali. Tun daga nesa Mande, abokina tun muna wanke hanji a rafi, ya miƙe tsaye ya cire hula.

"Ku ba da wuri! Ga Ummaru Shahi-Guda nan tahe!"

Shafi-Guda ke nan, da bakinmu. Ashe matansa sun daɗe da ba shi labari, ya adana yana jiran ranar. Majalisa ta kwashe da dariya. Wani ya ciro katin asibiti daga aljihu ya ce ko zan duba masa, amma don Allah har baya. Na tsaya har suka gama. Sannan na ce su shaida: zan karanta littafin nan daga bangon farko zuwa na ƙarshe, da idona, ba da kunne ba, in dawo in faɗi hukuncina. In ya kai yadda ake zuzuta shi, in faɗa a gaban kowa, su kira ni duk sunan da suka ga dama. In bai kai ba, su mayar mini da sunana. Kafin nan ba za su sake ganin ƙafata ba. Mande ya ce to sai mun haɗu a lahira.

Malama ta ara mini nata bisa sharaɗin in riƙa wanke hannu da sabulu kafin in taɓa. Na sayo tabarau a kasuwa. Na gwada ɗaki, duhu. Na gwada zaure, masu sallama ba su bari. Wurin da haske ya fi kyau shi ne ƙarƙashin rumfar tsakar gida, daidai inda uwarku take tsintar shinkafa. Nan na shimfiɗa buzu. Kada wani ya ce muku karatu hutu ne. Na fi gane in feɗe sa uku da in gama babi guda. Ranar farko shafi biyu na yi, kaina ya yi kamar an daka. Ga wata wahala da ban sani ba: a littafi sai ka riƙe mutane a ka. Wanda ka bari jiya yana nan yau, da ƙanwarsa da maƙiyinsa. Ni kuwa na saba in na gama da mutum in naɗe nama da shi. In kalma ta ƙi fita sai in yi ta da ƙarfi, kafin in kai ƙarshenta Hajiya ta ƙarasa mini jimlar gaba ɗaya daga ka, tana tsintarta.

"Ba tambayarki niy yi ba."

"Ai ba kai nika ba amsa ba, da kaji nike."

Da kajin take magana kuwa, kullum, kowace da sunanta, abin da ban taɓa sani ba. Haka na gano kafaɗarta ta dama ba ta ɗaguwa sosai, da hagu take sauke tukunya. In na yi faɗa da wani a littafin, ita ke tsaya masa. Mun yi kwana biyu muna gardama a kan ƙanin mijin matar, ni na ce mutumin kirki ne, ita ta ce in dai ci gaba. Na ci gaba. Ban sake tayar da maganarsa ba.

Da na iso shafin da na yaga, sai na tsaya. Na sa aka sato mini littafin Nana daga ƙasan akwatinta, uwarku ce ɓarauniyar. Na samo farar takarda na yanke ta daidai, na kwafe shafin daga na Malama da hannuna, gaba da baya, kwana uku ina yi, na liƙa da ƙaro, aka mayar. Na ci gaba da karatuna. Bayan kwana biyu ina fama da wata doguwar kalma, sai na ji an zauna a gefen buzuna.

"Baba, rubutunka kamar kaza ta bi ta kan laka."

"Kaza mai aji huɗu."

Daga ranar ta dawo. Ta so ta riƙa karanta mini don in yi sauri, na ƙi. Na ce da idona na yi alkawari.

Wata huɗu cif na yi. Ran wata Juma'a bayan la'asar na rufe bangon ƙarshe, na sa aka kira Malama, aka kira Mande ya wakilci majalisa, Nana ta ɗauko waya, Hajiya tana gefe tana gyaran zogale. Na sa rigar da na sa wancan karon, don a san mutumin ɗaya ne. Na ce marubuciyar ta san nama, wannan na ba ta, ta zauna da mahauta ko ta fito daga cikinsu, kuma abin da na faɗa a kanta na farko ƙarya ne, ta yafe mini. Amma littafi, in sa ne, kashi ɗaya tsoka, kashi biyu kitse da ƙashi. Babi uku ana kwatanta kayan biki. Kowa a ciki in ya ji daɗi kuka, in ya ji haushi kuka, har na fara tunanin ko albasa ake yankawa a garin. Ga wani attajiri mai motoci da aka jefo daga sama wajen ƙarshe, alhali matar ta riga ta tsaya da ƙafafunta, ba ta bukatar ko tayarsa. Na ce masu rungume shi a waya kuwa, da yawansu gudu suka ga ana yi suka bi, in aka titsiye su ko shafi guda ba su karanta ba, ni ko a wancan lokacin na fi su da guda. Littafi ne mai kyau, a karanta. Amma wai wanda bai karanta shi ba bai zo duniya ba? Mahaifina bai karanta ba, kuma ya zo, ga shaida a zaune. Har yau da nake rubuta muku wannan, ban sauya ko wasali ɗaya a hukuncin nan ba, kuma duk mai ja ya fara gama littafin kafin ya zo.

Malama ta gyaɗa kai ta ce batun attajirin ita ma ya dame ta. Mande ya gyara hularsa ya ce to, Ummaru Boko, majalisa tana gaisuwa. Na ji sunan ya sauka a kunnena kamar ruwan sanyi. Da na tsaya a nan, da na tashi da riba. Amma ɗan fawa bai iya barin wuƙa ba sai ya ƙara yanka ɗaya. Na juya wajen uwarku, wayar tana ɗauka, na gyara zaman tabarau.

"Hajiya, kin ji hukuncin masu karatu. Littahin da kinka ƙona min miya sau biyu saboda shi, bai kai ba. Ko kina da ja?"

Ta karkaɗe zogalen da ke zaninta, ta dube ni sama da ƙasa.

"Ba ni da ja, Alhaji. Allah dai shi saka ma wadda tar rubuta shi. Shi da bai kai ba, ya zamnad da kai gida wata huɗu. Ni da anka ce maka na kai, shekara arba'in da ukku ban samu wuni guda ba."